Shekarar da Alhaji Garba Ya Sayi Sule Lantarki

Tun ɗazu nake jin ku. Wannan ya ce a sayi wane, wancan ya ce a sallami wane, kowa da kofin shayi a hannu yana rabon dukiyar da ko a mafarki bai taɓa riƙewa ba. Kun ga mutum a tele ya zuba balo a raga, shi ke nan kun san darajarsa. To, ku matso da bencin nan. Ni Lawali da wannan sana'a na ci abinci a nan unguwar Zango ta Damagaram tun Nasara na mulki, lokacin da wanda ya yi mugun saye ba shi da wurin ɓuya, don gobe da safe a kasuwa za a tare shi.

A kasuwar dabbobi na fara, wajen Baba Kyari. Babarbare ne, tsohon soja, a bariki ya ga balo, da ya dawo gida ya kama dillancin raƙuma da jakuna. Da ƙungiyoyin ƙwallo suka fara yawa a Damagaram, ta sojoji, ta ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, ta akawunan biro, wato ofis, sai masu su suka riƙa zuwa wurinsa neman ƴan wasa, tunda an san shi da ido. Shi kuwa bai ga wani bambanci ba. Ya ce mini, "Lawali, mai ƙafa huɗu da mai ƙafa biyu duk ciniki ɗaya ne. Sai dai jaki ba ya yi maka ƙarya a kan shekarunsa."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Keke, da ƙunshin goro na buɗe bakin mutane, da famfo, da balo guda na fata mai roba a ciki, wanda ake ɗaure bakinsa da igiya. Igiyar nan in ta same ka a goshi sai ta bar maka shaida. Balon ya fi zama a hannun dukawa fiye da fili, kuma da farko aikina ke nan, in kai ɗinki in karɓo. Baba Kyari ya daɗe bai bar ni na je kallon wasa ba. Sai ya tura ni bakin rijiya, ko tashar mota, ko rumfar awon gyaɗa, ya ce in zauna in kalli mutane suna aiki. Ya ce a fili kowa jarumi ne saboda ana kallonsa, in je in ga mutum inda ba mai tafa masa.

Ku kuma fahimci abin da ake nufi da saye a wancan zamani. Ba a zube wa ɗan wasa kuɗi a hannu. Da aiki ake sayensa: gadi, ko aike a biro, ko karen mota. A haɗa masa da ɗakin kwana, in ya isa a ba shi keke. Mu kuma a ba mu la'ada.

Mutum na farko da na kawo da kaina Ilu ne, ɗan Dakusa, ga-ruwa. Kun san Damagaram da ƙishirwa. Ilu yakan ɗauki garwa biyu a sanda tun asuba, daga rijiya zuwa Birni, daga Birni zuwa Zango, yana sassarfa, ruwan bai zuba ba. Na bi shi da keke har na gaji, shi bai gaji ba. Da la'asar na jefa masa balo, ya buga, balon ya tafi inda Allah ya so. Na koma na ce wa Baba Kyari ga mai huhu amma ba shi da ƙafa. Ya ce, "Ƙafa ana koya mata. Huhu kuwa ba a sayar da shi a kanti." Ilu bai zama mai cin raga ba har ya daina wasa, amma duk inda balo ya faɗa a tsakiyar fili, shi ake tararwa a can yana jira.

Nomau kuwa a ƙauyen Gaffati na gan shi, lokacin kaka. Yana tsaye a bakin rumbu, ƴan'uwansa suna wurgo masa damman hatsi daga ƙasa, ta hagu, ta dama, wani da gangan a karkace don su ga ya faɗo. Bai faɗo ba, kuma ko dami ɗaya bai kuɓuce masa ba. Hannunsa kamar faifai. Na jira ya sauko, na ba shi goro, na tambaye shi ko ya san balo. Ya ce ya taɓa ganin yaran Nasara suna korar wani abu kamar duma. Na ce ba kora zai yi ba, tsayawa zai yi a hana shi wucewa. Ya ce, "In dai tsayuwa ce, ai da sauƙi." Shi ne mai tsaron gidan da Zango ba ta sake yin irinsa ba.

Masu saye kuma kowa da ciwonsa. Kyaftin na bariki dogo yake so, ko da ba ya iya juyawa. Akawu yana son wanda zai iya yi wa alƙalin wasa gardama da Faransanci. Amma babban mai sayena, bayan Baba Kyari ya tsufa ya bar mini keken, shi ne Alhaji Garba, Bakano mai cinikin gyaɗa, wanda ya kafa ƙungiyar Zango. Alhaji bai san dokar wasa ba. Ya taɓa tambayata me ya sa ba za a saya wa kowane yaro balonsa ba su daina faɗa. Abin da ya sani shi ne in Zango ta ci akawunan biro, washegari Nasaran kamfani yakan miƙo masa hannu su gaisa. Ilu da Nomau duk shi ya ɗauka. Ilu yana kai ruwa gidansa, Nomau yana gadin sito, da ɗan ɗaki mai siminti a bakin ƙofa. Da su muka yi shekaru muna wanke akawu.

Muguwar shekara ita ce wadda ta gabaci samun ƴancin kai. Gyaɗa ta yi kyau, kuɗi ya yi wa Alhaji yawa, ya je Kano ya dawo da labarin wani Sule Lantarki, mai buga gaba, wanda aka ce har hotonsa ya fito a jarida. Ya kira ni ya ce in je in gano masa. Na hau bayan motar gyaɗa har Kano, na kalli Sule yana wasa. Ba zan rage masa ba, ya iya. In ya ɗauki balo sai ka ce da zare ya ɗaure shi a ƙafa. Amma na bi shi bayan wasa, na ga inda yake cin abinci, na ga masu riƙe masa takalmi, na ga yadda sauran ƴan wasan suke yi masa bauta shi yana ƙarasawa.

Na dawo na ce, "Alhaji, yaron ya iya, amma ba namu ba ne. Abin da za ka ba shi ba shi ne tsadarsa ba. Tsadarsa ita ce abin da sauran za su ce in sun ji."

Alhaji ya ce, "Lawali, gani na aike ka, ba tunani ba. Ai tun kafin ka hau mota ƙanena ya gama magana da shi."

Sule ya iso da akwatin ƙarfe da sharuɗɗa. Shinkafa zai ci, da nama. Keke sabo. Aiki kuwa ba zai yi ba, ƙafarsa ce aikinsa. Sannan ɗaki mai siminti, don ƙasa tana sa shi tari. Ɗaki mai siminti guda ne a wajen gidan, na Nomau. Aka ce Nomau ya koma zaure ya kwana kan buhuna. Nomau ya naɗe tabarmarsa, ya ajiye mabuɗin sito a hannun Alhaji, ya kama hanyar Gaffati da ƙafa. Na ce wa Alhaji mun yi asarar gida. Ya ce ai mai Lantarki ba ya bukatar mai tsaron gida, ya sa ɗan ƙanwarsa a raga. Yaron kirki ne, sai dai in an bugo balo da ƙarfi yakan rufe ido ya yi salati.

Wasan farko duk gari ya fito ganin Lantarki. Filinmu rairayi ne, ƴan wasanmu da ƙafar Allah suke bugawa. Sule ya shigo da takalmi mai ƙusoshi, wanda aka yi don ciyawa, yana taku yana nutsewa kamar saniya a taɓo. Wannan da sauƙi, daga baya ya cire. Babbar matsalar ita ce ba mai ba shi balo. Ya tsaya a gaba yana ɗaga hannu yana cewa "fasin, fasin," irin ta mutanen Ingilishi, su kuwa namu suna wucewa ta gefensa kamar ba su ga mutum ba. Kafin a tashi yara sun sa masa Malam Fasin.

Na sami Ilu a bakin rijiya na ce, "Kai, me ya sa ba ka ba shi?"

Ya sauke sandarsa ya ce, "Yaya Lawali, ni da tuwon hatsi nake kwana, da garwa nake tashi. Ni nake kai masa ruwan wanka. Wanda ya ci shinkafa ai yana da ƙarfin zuwa ya ɗauki balo da kansa."

Haka ranin nan ya tafi. Sojoji suka ci mu, ƴan lakwal suka ci mu, akawu suka ci mu har suka gaji da murna. Alhaji ya nemi magani ta kowace hanya. Ya sa aka binne laya a gindin raga, akuya ta tone ta. Ya canza launin riguna. Da aka ce masa Sule ba ya jin daɗi, sai ya ƙara masa agogon hannu, abin da ya sa ko gaisuwa sauran suka daina yi masa. Ni kuma a kasuwa ba wanda ya tuna cewa na hana. Dillalin Alhaji ne ni, saboda haka ni na kawo. Kyaftin ya daina aiko mini, akawu suka ce idona ya mutu. Har kasuwar dabbobi na koma neman la'adar jakuna, can ma wani ya tambaye ni ko jakin da nake talla shinkafa yake ci.

Ana cikin haka damina ta sauka, aka ce Nasara zai miƙa mulki, kuma cikin shagalin za a yi wasa tsakanin Zango da akawu a gaban sababbin manya. Alhaji ya kira ni zaure. Ya ce su waɗannan manyan su ne gobe za su ce wane ya sayi gyaɗa, wane kar ya saya. In aka kunyata shi a gabansu, zai rushe ƙungiyar, kowa ya nemi wani ubangidan, har da ni. Na ce to sai a dawo da Nomau. Ya ce in je in dawo da shi, ko nawa ne.

Na tarar da Nomau a gona tare da mahaifinsa, Baba Jatau, ciyawa ta kusa fin hatsi tsawo, don ruwa ya yi yawa a shekarar kuma hannu ya yi musu kaɗan. Na gaishe su, na miƙa goro, na faɗi abin da ya kawo ni. Nomau ya ci gaba da noma kamar da wani ake. Tsohon ne ya amsa.

Ya ce, "Ɗan nan, an ce za a ba mu ƙasa. To ga tawa nan, ciyawa na cinye ta. In ɗauke mai noma in ba ku ku je ku kori duma?"

Na ce, "Baba, Alhaji ya ce a faɗi abin da ake so. Keke, ko tufafi, ko ɗakinsa ya koma masa."

Ya ce, "Keke ba ya noma. Ku nawa ne a wasan naku?"

Na ce goma sha ɗaya.

Ya ce, "To ku zo mini gayya, dukanku. Har da mai cin shinkafar. In gonar nan ta fita, ku tafi da shi."

Na koma ina tunanin yadda zan faɗa wa Alhaji. Ashe ban san shi ba. Ya ce, "Wato ba zan fitar da komai ba?" Na ce sai mota. Ya ce wannan shi ne ciniki mafi kyau da na taɓa kawo masa. Sule ya ce shi ɗan birni ne, a Fagge aka haife shi, bai taɓa riƙe hauya ba kuma ba zai fara a ƙasar Faransi ba. Alhaji ya dubi agogon da ke hannun Sule, ya dubi keken da ya saya masa. Da safe Sule ne ya fara hawa mota.

Gayyar nan har yau ana labarinta a Gaffati. Aka jera mu, kowa da kunyar da zai noma, makaɗi yana biye da ganga. Su Ilu ƴaƴan manoma ne, suka tafi kamar wuta. Sule kuwa bai san hatsi ba bai san ciyawa ba, duk wanda ya fi tsawo shi yake sarewa, sai da Baba Jatau ya zo ya riƙe masa hannu ya nuna masa. Mata masu kawo fura suka tsaya suna dariya, makaɗi ya sa shi a waƙa. Kafin hantsi tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Na ce masa ya je inuwa ya zauna, an ga ƙoƙarinsa. Ya ce, "Malam Lawali, tun da na zo garinku a tsaye nake ana wuce ni. Yau ko zan mutu sai na kai ƙarshen layin nan." Ya yage gefen rigarsa ya naɗe hannu ya ci gaba. Kowa ya gama ya zauna, shi yana tsakiyar gona shi kaɗai. Can sai na ga Ilu ya tashi, ya ɗauki hauya, ya kama kunyar Sule daga ɗaya bakin yana nomowa, har suka haɗu. Suka dawo suka sha fura a ƙwarya ɗaya.

Muna hutawa sai wani manomi ya kawo ragowar gyaɗarsa ta bara, ya ce tunda ga Bakano, a gaya masa ko a can tana da daraja. Sule ya ɓare ɗaya, ya murza, ya ciza, ya ce wannan ta sha rana yadda ya kamata, mai zai yi yawa a cikinta. Ya tambayi yadda ake auna musu, suka gaya masa, ya yi dariya ya nuna musu inda mai sikeli yake sa ƙafa. Ashe ubansa mai awon gyaɗa ne, a gindin buhuna ya girma. Nan da nan mutane suka kewaye shi, har Nomau ya matso.

Ranar wasa an yi ruwa da safe, rairayi ya kwanta. Aka ɗaga sabuwar tuta, manya suka yi jawabi, wani ya gama wani ya tashi, har rana ta karkata. Da aka fara, akawu suka yi ta bugowa, Nomau yana cafewa kamar damman hatsi. Sai Ilu ya ƙwace balo a tsakiya, ya ɗaga kai, ya tura wa Sule. Sule bai taɓa tsammani ba, ya tsaya yana kallon balon har ya wuce shi ya fita. Fili ya ɗauki dariya. Ilu ya sake ƙwatowa ya sake tura masa. Wannan karon Sule ya ɗauka, ya wuce mutum biyu, ya aje shi a kusurwar raga. Alhaji ya miƙe tsaye yana tambayar na kusa da shi ko mu ne muka ci.

Alƙalin wasan akawu ne, a biro ɗaya yake aiki da abokan karawarmu, kuma agogonsa ya ƙi cika har sai da ya samo musu bugun daga kai sai mai tsaron gida, a kan laifin da shi kaɗai ya gani. Nomau ya taɓa balon amma ya shige. Nan take lokaci ya cika. Manya suka ce haka ya fi kyau, ranar haɗin kai ba a so a ga wanda aka kayar. Aka ba shugabannin ƴan wasan ƙungiyoyin biyu kofi suka riƙe tare aka ɗauki hoto, sannan aka ce kofin na ƙasa ne, aka kai shi biro aka ajiye. Alhaji dai ya sami hannun da yake nema, har sau biyu aka gaisa da shi. Ƙungiya ta tsira, Nomau ya koma ɗakinsa, kyaftin na bariki ma ya sake aiko mini.

Sule bai koma Kano ba. Keken nan da aka saya masa ya koyi hanyar Gaffati, yau ya ce zai duba hatsin da ya noma, gobe ya ce zai gaida Baba Jatau. Kafin wata kaka ya auri ƙanwar Nomau. Da lokacin awo ya zo, manoman wajen suka ce ba za su kai wa kowa gyaɗarsu ba sai Bakanon da ya yi musu gayya, tunda shi ba ya sa ƙafa a sikeli. Alhaji ya ba shi sikeli da buhuna. Sito ya cika har aka gina wani. Balo kuwa Sule ya riƙa zuwa wasa jefi-jefi, ya yi tumbi, daga baya ya bari gaba ɗaya.

Wata rana Alhaji ya kira ni, muna tsaye muna kallon ana sauke buhunan Gaffati. Ya ce, "Lawali, ka tuna ka ce kar in sayi yaron nan?"

Na ce, "Na tuna, Alhaji."

Ya ce, "To ka gani. Kai ƙafa kake kallo, ni mutum nake kallo. Duk ƴan wasan da ka kawo mini, wa ya cika mini sito?"

Na ce babu.

Ya ce, "Yauwa. Gobe ka hau mota ka koma Kano ka nemo mini wani mai buga gaba. Amma wannan karon ka duba mini wanda ya san fata da ƙirgi, ina so in shiga cinikin."

Na hau mota na je na samo masa. Mutumin ko yawan ƴan wasan da ke shiga fili bai sani ba, amma har Alhaji ya rasu ban taɓa jin ya yi kuka da shi ba.